Kama Ɗaki a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Da Wuri ko a Jira Rangwamen Ƙarshe?

Hajiya, kin tambayi wanne ya fi tsakanin kama ɗaki tun da wuri da jiran rangwamen da ake yi dab da tashin jirgi. Ki kama da wuri, domin ga mai fasfon Najeriya ko Nijar babu wata gasa ta gaske tsakanin hanyoyin biyu.

Manyan kamfanoni irin su MSC, Costa da Royal Caribbean sukan fitar da jadawalin tafiye-tafiyensu fiye da shekara guda kafin lokaci, kuma farashi yakan fara ne a ƙasa, ya riƙa hawa yayin da ɗakuna suke cika. Lokacin da suka fi yin garaɓasa shi ne daga Janairu zuwa Maris, sai kuma makon Black Friday a ƙarshen Nuwamba. A nan ne ake samun ragin kuɗin kafin alƙalami, ko a ɗauke wa yara kuɗin ɗaki, ko a ba fasinja wani abin kashewa a cikin jirgi. Ba a biyan kuɗin duka a take. Ana ajiye kafin alƙalami, sauran kuma sai saura wata biyu zuwa huɗu a tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya.

Mu a watan Fabrairu muka kama namu na zagayen Bahar Rum daga Basalona ta Sifaniya, na tashin farkon Oktoba, kuma har yau ina jin daɗin wannan shawarar. Da yake jirgin bai cika ba a lokacin, na buɗe taswirar benayensa na zaɓi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, a tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, nesa da wurin kiɗa da raye-raye, saboda mahaifiyata ba ta jure hayaniya kuma jiri yakan kama ta. Mun rubuta musu buƙatar abincin halal tun da sauran watanni. Kowace asuba sai ta shimfiɗa darduma a bakin baranda, jikanta ya duba mata alƙibla a waya, don kullum jirgin ya juya wata fuskar, sannan ta zauna da shayinta tana kallon yadda ake shiga tashar Marsiliya a Faransa ko ta Jenowa a Italiya. Da mun jira, da ɗakunan da suka rage ne za a raba mu a ciki, ɗaya a wannan bene, ɗaya a wancan.

Babban dalilin kuwa biza ce. Tafiyar da ta ratsa Sifaniya, Faransa da Italiya tana buƙatar bizar Shengen (biza ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da dama), wadda ake iya nema tun saura wata 6, kuma ko da yake ƙa'idar duba takardu kwana 15 ce, tana iya kaiwa kwana 45, ban da wahalar samun ranar ganawa. Takardar shaidar kama ɗaki tana cikin abin da ake gabatarwa. Haka tikitin jirgin sama daga Kano ko Abuja zuwa tashar da za a hau, wanda sau da yawa ya fi kuɗin ɗakin kansa, shi ma yana tsada ne idan lokaci ya ƙure. Abu ɗaya da kamawa da wuri ba ya karewa shi ne canji: farashin yana tsaye a dala ko yuro, naira ce ba ta tsayawa, kamar yadda kowa ya gani tun daga Yunin 2023. Saboda haka ki riƙa rage bashin kaɗan-kaɗan maimakon barin sa duka zuwa ranar ƙarshe, amma sai bayan kin karanta sharaɗin mayar da kuɗi, domin farashi mafi araha sau da yawa kafin alƙalaminsa ba ya dawowa ko da an hana mutum biza.

Rangwamen ƙarshe gaskiya ne akwai shi, kamar na mai tumatir da yamma, amma an yi shi ne don mazaunin Basalona ko Mayami ta Amurka, inda jiragen suke tashi, da zai ɗauki jaka ya hau tasi.

Wajen zaɓen wata, Mayu da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi Yuli da Agusta araha da sauƙin zafi a Bahar Rum. Idan bizar Turai ce damuwar, akwai jiragen da ke tashi daga Darban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, akwai kuma Aroya, kamfanin jirgin ruwa na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba caca. Su ma dai kowace ƙasa da bizarta. Idan kuma tafiyar ta yi miki daɗi, yawancin jiragen suna da ofishin kama tafiya ta gaba a cikinsu, da ƙaramin kafin alƙalami.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar tafiya a Instagram da WhatsApp. Duk wanda ya ce biza tabbas ce ƙarya yake yi, haka wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa. Wasu kuma sukan ɓoye harajin tasha da tukwicin ma'aikata da ake lissafawa kullum a kan kowane fasinja. Bayan biyan kafin alƙalami, ki nemi lambar rajistar ɗakin, ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki ki ga sunanki kamar yadda yake a fasfo. Idan bai fito ba, kada ki ƙara ko kwabo.