Ranar Ma'aikata a Karofin Ƙofar Mata: yadda muka kwashe ni da yara

Shekara uku a jere, duk ranar 1 ga Mayu abu ɗaya muke yi. In dawo daga fareti, in kwashi yara zuwa wurin lilo, a sha layi, a sha rana, a dawo gida wani na kuka saboda bai hau doki ba. Bana uwargida ta ce ita kam ta gaji. Tunda ranar ma'aikata ce, in ji ta, me zai hana a kai su inda za su ga masu aiki da idonsu? Haka muka tsayar da Karofin Ƙofar Mata, wurin rinin gargajiya, wanda ko tafiya babu tsakaninsa da filin wasa na Sani Abacha, inda ƙungiyoyin ƙwadago suka saba taruwa.

Ni ɗan Kano ne, kuma abin kunya, na fi shekara ashirin ina wuce ƙofar wurin nan ban taɓa leƙawa ba. A jikin ƙofar an rubuta 1498, shekarar da aka ce an kafa shi. Babban ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, ya tsaya yana lissafi da yatsu, ya ce ai wannan ya girmi Nijeriya da sama da shekara ɗari huɗu.

Wani dattijo marini ne ya karɓe mu. Muka yi masa sannu da aiki, ya amsa ba tare da ya ciro hannu daga rijiya ba. Na ce, “Baba, yau fa hutu ne.” Ya yi dariya ya ce, “Malam, hutun naku ne masu albashi.” Maganar ta ɗan sosa ni. A nan Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da wannan hutu a 1980, kafin gwamnatin Shagari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981, kuma da safen nan na gama tafawa masu jawabi kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga mutum a gabana da ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan.

Bayaninsa shi ne abin da ya fi burge ni, domin bai yi mana gaggawa ba. Ya nuna wa yara busasshen baba, da toka, da yadda ake haɗa su da ruwa a rijiya a bar su makonni su ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda. Autarmu ta rikice da ta ji ana cewa a zuba baba a rijiya, ta riƙe mini riga gam. Sai da aka nuna mata ganyen sannan ta saki.

Mun sayi farin ƙyalle guda biyu da aka riga aka ƙulle da zare. Ƙullin nan, in ji shi, yawanci mata ne ke yi a cikin gidaje, shi ne ke fitar da zanen. Ya bar yaran biyu manya suka sa safar roba suka tsoma da kansu, yana riƙe da kafaɗarsu. Nan ne abin ya yi armashi. Ƙyallen ya fito kore shar, yaran suka ce ya lalace, dattijon ya ce a dai ɗaga shi sama a jira. A gaban idonsu iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagawa, kowane zagaye yana ƙara duhu. Mai son ya yi baƙi-baƙi irin wanda Buzaye ke naɗawa sai ya shafe sa'o'i yana wannan. Mu dai mun tsaya a shuɗi mai haske, haƙurin yara bai kai can ba. Da na ga yadda launin ya kama gefen hannun ɗana, sai na gaya masa daga inda aka samo “masu hannu da shuni”. Tun daga ranar yake kiran kansa attajiri.

Daga nan aka kai mu wurin mabuga. Maza ne zaune a jere, kowa da ƙaton mabugi na itace, suna dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi kamar an goge shi. Bugun yana tafiya da kiɗa-kiɗa, wannan ya ɗaga wancan ya sauke. Ɗana ya gwada ɗaga mabugin da hannu biyu, sau uku ya buga ya ajiye.

Akwai abin da ke sanyaya jiki. Rijiyoyin da suka bushe sun fi masu ruwa yawa, kuma ba sai an tambayi dalili ba ga duk wanda ya ga irin atamfa da shaddar waje da suka cika Kantin Kwari. Na ji daɗi da na ga wasu samari suna koyon aikin, amma ba su da yawa.

Kurakuran ranar namu ne. Mun isa wajen sha ɗaya da rabi, a watan Mayu, a Kano. Wanda zai je ya je da hantsi, ya riƙe ruwan sha da hula. Rijiyoyin suna da zurfi sosai, bakinsu kuma daidai da ƙasa yake, don haka yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kada a saki hannunsa. Uwargida rabin ziyarar gadin auta ta yi. Warin ruwan rini ma sai an ɗan daure kafin hanci ya saba. Kada a sa wa yara kayan sallah. A kuma yi ciniki tun kafin a tsoma ƙyalle, a ware ɗan abin da za a ba wanda ya yi bayani, don lokacin aikinsa ya ba ku. Duk da haka abin da muka kashe bai kai na wurin lilo ba.

Badi in Allah ya kai mu za mu koma, amma da sassafe, kuma zan tafi da tsohuwar farar rigata a rina mini. Wani abu da dattijon ya faɗa na manta ban isar gida ba shi ne a wanke sabon rini shi kaɗai a karon farko. An haɗa shi da singiletina guda biyu, yanzu duk shuɗaye ne.