Hattara da mai tallar wayar HDMI zuwa VGA a guruf-guruf na Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a, musamman masu shagunan buga takardu da ɗalibai. Akwai wani mutum da ke tallar kayan kwamfuta a guruf-guruf na WhatsApp a nan Birnin Kebbi. Ba shi da shago. A tura masa kuɗi ne, ya ba ɗan kabu-kabu ya kawo. Ya ci kuɗina, kuma saura ƙiris ya raba ni da monitar da nake cin abinci da ita.

Ina da ɗan shago a Badariya inda nake yi wa ɗalibai taifin. Na canza laftof, sabuwar kuwa ba ta da ramin VGA, wannan shuɗin mai ƙananan huda 15. Sababbin ramuka, wato HDMI da USB-C, kawai gare ta. Monitar tawa tsohuwa ce, VGA kaɗai ta sani, amma lafiyarta lau. Sai na ga tallarsa: waya guda, kai ɗaya HDMI, ɗaya VGA, wai ka jona kawai hoto ya fito. Na tura masa naira 6,500.

Na jona, allo baƙi ƙirin. Na danna Windows da P, na zaɓi a nuna a allo biyu, na kashe na kunna, shiru. Da na kira shi bai ko yi gardama ba, cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ai wayar ba ta da matsala, monitarka ce ta tsufa, ba ta ɗaukar sababbin kwamfutoci. Ka ba ni ita in cire maka naira 5,000, ka cika in kawo maka mai HDMI." Nan ne ainihin cutar take. Wayar tarko ce kawai, monitar yake so ya karɓa a banza ya sayar wa wani.

Allah ya taimake ni na fara kai kayan wurin wani yaro mai gyara kusa da Babbar Kasuwa. Yana ganin wayar ya ce, "Baba, wannan ko shekara za ka yi kana jonawa ba za ta kawo ba." Ya fasa kawunan biyu a gabana. Babu komai ciki sai zallar wayoyi da aka liƙa.

Bayanin da ya yi mini shi nake so kowa ya riƙe. VGA tun 1987 ta fito, kuma siginar analog take ɗauka. HDMI kuwa dijital ce. Yarensu ba ɗaya ba ne, don haka dole a sami tafinta a tsakani, wato ɗan ƙaramin cif da ke juya siginar. A adafta ta gaskiya cif ɗin yana cikin ɗan akwatin da ke jikinta, wani lokaci kuma a ɓoye cikin kan wayar, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa, sai an gwada. Ya ɗauko tasa ya jona, nan take hoto ya bayyana tar a monitar da aka ce ta tsufa. Wallahi sai da raina ya sosu, don da na biye wa mutumin nan da tuni na miƙa ta.

Yaron ya ƙara ja mini kunne a kan abubuwan da irin waɗannan mutane ke fakewa da su. Adaftar hanya ɗaya take bi: ta HDMI zuwa VGA daban, ta VGA zuwa HDMI daban, in aka ba ka ta baya ba za ta yi ba. VGA ba ta ɗaukar sauti, mai son sauti ya nemi wadda ke da ramin sifika. Wasu kuma suna buƙatar ƙarin wuta ta USB, domin wutar da ramin HDMI ke bayarwa kaɗan ce. Sai batun USB-C, wanda ya fi ruɗa mutane: ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba. Sai wanda ke da fasahar fitar da hoto, wato DisplayPort Alt Mode ko Thunderbolt, wanda wani lokaci za ka ga alamar walƙiya ko harafin D a gefensa. Wani na caji ne da tura fayil kawai, ko adaftar ta fi kowacce kyau ba za ka ga komai ba, kuma ba laftof ɗinka ce ta lalace ba.

Na sake kiran mai tallar na ce ya dawo mini da kuɗina, ya toshe lambata. Da na faɗa a guruf, wata ɗaliba ta yi mini magana ta gefe, ita ta riga ta ba shi monitar yayanta.

Don Allah kada ku tura kuɗin adafta kafin gwaji. Ku ɗauki laftof ɗinku ku je shagon da ke da monita mai VGA, a jona a gabanku, hoto ya fito, sannan ku biya. Wanda kuma aka ce masa monitarsa ta mutu, ya kawo ta shagona bayan La'asar mu gwada da tawa adaftar, ba zan karɓi ko sisi ba.