Sharhin fim: "We Live in Public", labarin attajirin da ya tona wa kansa asiri a intanet

"We Live in Public" fim ne na labarin gaskiya da Ondi Timoner, 'yar Amurka, ta shirya. Ya fito a shekarar 2009, kuma a shekarar ya lashe babbar kyautar alƙalai ta rukunin fina-finan labarin gaskiya a bikin fina-finai na Sundance da ake yi a Amurka, wanda shi ne karo na biyu da matar ta samu wannan kyauta bayan ta 2004. Tsawonsa bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba, amma an tsamo shi ne daga bidiyo na kusan awa 5,000 da aka tara cikin shekara goma, kuma mai kallo zai ji nauyin wannan tarin a jikinsa, domin hotuna suna ta rugawa ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na tashi, ba a ba ido damar hutawa ba.

Wanda aka gina fim ɗin a kansa shi ne Josh Harris, mutumin da ya kafa kamfanin Jupiter Communications mai bincike kan kasuwar intanet tun lokacin da yawancin mutane ba su taɓa jin sunan intanet ba. Da harkar ta bunƙasa a shekarun 1990 ya yi kuɗi, har ana ƙiyasta dukiyarsa da dala miliyan 80, sai ya buɗe Pseudo.com a birnin New York, wata tashar talabijin da ke watsa shirye-shirye ta intanet, masu kallo kuma suna rubuto ra'ayinsu nan take, alhali layin waya na wancan zamani da ƙyar yake ɗaukar hoto mai motsi. Wannan sashe na farko an yi shi da gaggawa, kuma ban ga laifin hakan ba, domin shimfiɗa ce kawai.

Inda fim ɗin ya kama mutum shi ne watan Disamba na 1999, lokacin da Harris ya tara mutane kusan ɗari a wani ginin ƙarƙashin ƙasa a yankin Manhattan na birnin New York domin su zauna tare har shigowar sabon ƙarni, a wani shiri da ya sa wa suna "Quiet". Kowa an ba shi ɗan akurkin kwana irin na wasu otal-otal na Japan, da kyamara a ciki da akwatin talabijin, ta yadda zai iya kallon maƙwabcinsa, maƙwabcin ma ya kalle shi. Abinci da abin sha kyauta ne, wurin wanka a fili yake kowa na gani, ban-ɗaki ba shi da shamaki, akwai wurin harbin bindiga, akwai kuma ɗakin da ake titsiye mutum da tambayoyi kan rayuwarsa har wasu su fashe da kuka. Sharaɗin da Harris ya gindaya shi ne komai kyauta ne in ban da bidiyon da aka ɗauka, wannan kam mallakarsa ne. Timoner tana cikin waɗanda suka riƙe kyamara a wurin, shi ya sa hotunan suke da kusanci: ana ganin yadda fara'ar kwanakin farko take komawa tsawa da faɗa da zafin rai, har hukuma ta rufe wurin a ranar 1 ga Janairu, 2000.

Duk da haka, a ganina, ba wannan ne sashe mafi ƙarfi ba, ko da yake shi ne ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma aka fi ba lokaci. Waɗanda suka shiga ginin nan galibinsu masu zane ne da mawaƙa da matasa masu neman a san da su, mutanen da tun asali ba su ɗauki kunya a bakin komai ba, saboda haka da wuya a ɗauki halinsu a ce haka kowa zai yi. Abin da ya biyo baya ya fi shiga rai. A ƙarshen shekarar 2000 Harris ya kafa kyamarori 32 a gidansa, har da ban-ɗaki, ya zauna da budurwarsa ana watsa zamansu dare da rana ga duk mai son kallo. Da farko abin kamar wasa, masu kallo har taimaka musu suke yi wajen nemo abin da ya ɓace a ɗaki. Amma sannu a hankali sai ya zama idan sun yi saɓani, maimakon su zauna su sasanta, kowa sai ya garzaya gaban kwamfutarsa ya duba wa 'yan kallo suka ba gaskiya, su kuwa 'yan kallo suna zuga matar kan matakin da za ta ɗauka. Daga nan gardamarsu ta daina zama tasu, kowa yana magana ne domin jama'a su ji, kuma wanda ya sassauta ya ji kunya a gaban baƙi. Matar ta tattara kayanta ta tafi, hannayen jarin kamfanonin intanet sun riga sun faɗi, Pseudo ya durƙushe, masu kallo suka yi ta raguwa, aka bar Harris shi kaɗai yana surutu a gaban kyamarori. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aurata sun kawo rikicin cikin gida TikTok ko Facebook, mabiya sun rabu gida biyu suna ƙara wa wutar fetur, zai gane wannan yanayi ba tare da an yi masa bayani ba, kuma da an ba wannan sashe minti goma daga na ginin ƙarƙashin ƙasa da fim ɗin ya fi haka kyau.

Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda fim ɗin ya nace sai mai kallo ya yarda cewa Harris mai hangen nesa ne da ya riga kowa ganin inda duniya ta dosa. Gaskiya ne ya faɗi tun da wuri cewa mutane za su miƙa sirrinsu da hannunsu domin a kula da su, kuma ya faɗi haka kafin a kafa Facebook a 2004 da YouTube a 2005. Sai dai hotunan da Timoner ta nuna da kanta suna ba da wani labari dabam, na yaron da ya tashi a gaban talabijin ba tare da kulawar iyaye sosai ba, wanda ya girma yana shafa kwalliyar ban dariya a fuska yana kiran kansa Luvvy a gaban abokan kasuwanci, wanda kuma da mahaifiyarsa take kan gadon mutuwa bai je ba, sai ya aika mata bidiyon ban-kwana. Wannan ya fi kama da mai fama da ciwon kaɗaici da ya samu kuɗin da zai jawo wasu cikin ciwonsa. Fim ɗin kuma bai tsaya ya tambayi haƙƙin waɗanda aka ɗauka cikin mawuyacin hali ba, ko sa hannu a takarda ya isa ya halatta a riƙa nuna kukan mutum shekaru bayan abin ya wuce, kuma ina zaton kusancin mai shirya fim ɗin da Harris ne ya sa ta ɗaga masa ƙafa a nan.

Ƙarshen ya bi shi zuwa gonar tuffa da ya saya a jihar New York, da yunƙurinsa na komawa harkar intanet da bai yi nasara ba, har zuwa ƙasar Habasha inda ya je ya zauna. Bayanin da aka yi kan yadda kamfanoni ke amfani da bayanan mutane wajen tallace-tallace gajere ne, kuma ya tsufa idan aka tuna da abin da Edward Snowden ya fallasa a 2013 kan yadda hukumomin leƙen asirin Amurka suke tattara bayanan jama'a, da badaƙalar 2018 ta kamfanin Cambridge Analytica da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook domin yaƙin neman zaɓe, waɗanda duk sun zo bayan fitowar fim ɗin.

Ɗaliban aikin jarida da masu nazarin kafafen sada zumunta za su amfana da shi ƙwarai, haka ma iyayen da ke son fahimtar abin da ke jan 'ya'yansu zuwa gaban kyamara. Amma ya kamata a sani cewa akwai tsiraici a fili, da shaye-shaye, da zagi, da wasa da bindiga, don haka ba fim ne da za a kunna a falo tare da yara ko surukai ba. Da Ingilishi aka yi shi, masu maganar kuma suna da sauri, wani lokaci hayaniya tana danne muryarsu, saboda haka gara a nemi kwafin da ke da rubutaccen zance a ƙasan allo.