Tara duwatsu: ka tsinto da ƙafarka ko ka saya da kuɗinka?

Malam, ka ce sha'awar tara duwatsu da ma'adinai ta kama ka, ba don ciniki ba, kana dai son ka jera su a gida ka san sunan kowanne da asalinsa. Ka kuma ce kai ma'aikaci ne mai jiran albashi, shi ya sa kake tambaya wanne ya fi maka: ka riƙa fita daji da guduma kana nema da kanka, ko ka riƙa saye a hannun dillalai.

Wannan gardama ta daɗe a tsakanin masu tara ma'adinai a duniya. Akwai waɗanda ba sa ajiye dutsen da ba hannunsu ne ya ciro shi ba, akwai kuma waɗanda ba su taɓa taka bakin rami ba amma ɗakunansu sun fi wasu gidajen tarihi kaya. Ni ina bayan masu fita, musamman ga mai farawa a ƙasarmu, sai dai akwai wuraren da saye ya yi wa fita fintinkau, kuma zan faɗe su.

Abin da dillalin duwatsu yake nema daban, abin da kai kake nema daban. Kasuwar duwatsu ta Jos da ta Ibadan an gina su ne a kan dutsen da za a yanka a yi kwalliyar zobe da sarƙa. Dillali launi yake dubawa, da tsabtar ciki, da nauyi a sikeli. Idan mai haƙa ya ciro akwamarin, wani dutsen ado mai ruwan shuɗi, manne da uwar dutsensa, abu na farko da zai yi shi ne ya ɓamɓare shi, ya sa filaya ya karye gefen da ya yi hazo, don ba wanda zai biya shi kuɗin giram na abin da ba ya yankuwa. Mai tarawa kuwa abin da aka zubar ɗin nan shi yake so: fuskoki shida na akwamarin kamar yadda Allah ya halicce su, kan bai guntule ba, yana zaune a kan farin dutsen da ya tsiro a ciki. Saboda haka yawancin abin da za a shimfiɗa maka a kasuwarmu an riga an ɓata shi a idon mai tarawa, ko da kuwa yana da tsada.

Ka zauna gaban dillali ka gani. Zai warware 'yar farar takarda, ya zube duwatsun a kai, ya ɗan shafa musu ruwa ko mai don launin ya fito, ya haska maka tocila ta ƙasa. Ka tambaye shi daga ina, ya ce daga daji. Ka matsa, ya ce wajen Nasarawa. Ba lallai ƙarya yake yi ba. Wataƙila dutsen ya bi hannu huɗu kafin ya iso gare shi, ko kuma yana ɓoye ramin ne don kada ka zagaye shi, wanda a kasuwa ba laifi ba ne. Amma kai ka koma gida da dutse marar asali.

A nan fita ta fi saye nesa ba kusa ba. A wurin masu tara ma'adinai, 'yar takardar da ke ƙarƙashin dutse, mai ɗauke da sunansa da wurin da aka samo shi da ranar, rabin darajarsa ce. Suna idan an yi kuskure ana iya gyarawa da gwaji ko bayan shekara hamsin, amma wuri idan ya ɓace ya ɓace. Dubi mahaƙar Tsumeb ta ƙasar Namibiya, wadda aka samu nau'in ma'adinai fiye da 200 a cikinta kafin a rufe ta a 1996. Yau duk ƙaramin dutsen da ke da tsohuwar takardar Tsumeb rububinsa ake yi, don ba wani sabo da zai ƙara fitowa. Babbar taskar bayanai ta Mindat ma, wadda ta hau intanet a shekarar 2000, a kan wurare aka tsara ta: ka nemi gari, ta jero maka abin da aka taɓa samu a can. Dutsen da ka tsinta da kanka ka san kwarin, ka san gefen tudun, wayarka ma za ta ba ka lambobin wurin.

Ta fuskar kyau da yawan iri kuwa, saye ne a gaba, ba musu. Ƙafarka za ta ba ka abin da ƙasar da kake iya kaiwa ta mallaka, kuma ba kaɗan ba ne. A tsakuwar tsofaffin wuraren haƙar kuza na Filato ana tsintar baƙar kuza mai nauyi da tofas fari ko mai ɗan shuɗi. Riruwai ta jihar Kano tsohuwar mahaƙar kuza ce. Azara ta Nasarawa an san ta da barait. Yankin Dange da Wurno a Sakkwato akwai jifsum, wanda farce ma yana karce shi. Kwaz, farin dutsen nan mai kama da gilashi, da maika mai ɓarewa falle-falle da baƙin tomalin kuwa suna nan birjik a duwatsun Kaduna da Nasarawa da Bauchi. Ko kanwar da ke kicin ɗinka ma'adini ce. Amma nau'in ma'adinan da masana suka amince da su sun kai wajen 6,000, kuma mafi yawansu ko ka shekara ɗari kana yawo ba za ka gamu da su ba. Jan banadinait na Mibladen a Maroko sai dai ka saya. Na gida ma, shuɗin yaƙutun Mambila, da ganet mai ruwan lemo da ya fito daga yankin Iseyin a ƙarshen shekarun 1990, da jan tomalin na jihar Oyo, ba abin da mai yawon Asabar zai yi tuntuɓe da shi ba ne. Masu haƙa ne suke kwashe watanni a rami kafin su faɗa kan aljihu ɗaya.

Shi ya sa a ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi ake da manyan bajekoli. Na garin Tucson a jihar Arizona ta Amurka ya fara a 1955, ana yin sa kowane watan Fabrairu, kuma a lokacin otal-otal na garin kan koma shagunan duwatsu. Akwai na Sainte-Marie-aux-Mines a Faransa cikin watan Yuni, da na Munich a Jamus cikin Oktoba. Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne, kyawawan duwatsun Najeriya da suka tsira daga filaya sun fi sauƙin gani a teburan can fiye da nan.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Fita ba kyauta ba ce: akwai kuɗin mota, da ɗan abin da za ka ba wanda zai yi maka jagora, kuma wata rana ka dawo hannu rabbana. Kayan aikin dai sau ɗaya ake saye, guduma da kurfi da tabarau na kare ido da tsofaffin jaridu na naɗe kaya. Saye kuma bai zama dole ya karya ka ba. Akwai masu tara ƙanana zalla, waɗanda ke shiga akwati mai wajen santimita uku, kuma ƙaramin da bai da tabo ya fi ƙaton da ya gutsure. Matsalar saye ita ce ba shi da birki.

Wajen koyo, kowanne da abin da yake koyarwa. Daji zai koya maka wa ke zama da wa: idan ka ga jijiyar farin dutse mai manyan ƙwayoyi da faffaɗan maika, ka san nan ne gidan tomalin da akwamarin, sai ka rage sauri. Wannan ba a koyonsa a kan tebur. Amma mai fita shi kaɗai yana iya shekara yana kiran kwaz da sunan tofas, don ba shi da abin gwadawa. A nan 'yan duwatsun da ka saya a hannun wanda ya san su za su yi maka rana. Ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 har yau shi ake amfani da shi: jifsum 2, kalsait 3, kwaz 7, tofas 8, yaƙutu 9, lu'ulu'u 10. Farcenka yana wajen 2.5, gilashi da bakin wuƙa wajen 5.5. Tofas zai karce kwaz, kwaz ba zai karce tofas ba, sannan idan ka ɗora su a tafin hannu masu girma ɗaya za ka ji tofas ya fi danna hannu. Haka rikicin zinariya da farait, dutsen nan mai ƙyalli da ya sha yaudarar mutane. Ka goga shi a bayan tayil inda ba a shafe ba: farait zai bar layi baƙi-baƙi mai ɗan kore, zinariya ta bar rawaya. Ka buga masa guduma ya dagargaje, ita kuwa sai dai ta baje.

Sai haɗari, kuma a nan ba a haɗa su ba. Mai saye kuɗinsa kawai zai yi asara. Za a iya sayar masa da fasasshiyar kwalba a matsayin zumurrudu, ko da yake ƙananan kumfar iska da ke cikin gilashi sukan tona asiri idan an duba da madubin ƙara girma. Za a iya ba shi ametis, wato kwaz mai launin shunayya, da aka gasa ya koma ruwan zuma a ce sitirin ne na asali, ko kwaz da aka rina, ko ƙwayar da aka manna wa uwar dutse da gam. Shuɗin tofas mai kaurin launi da ke yawo a shaguna kusan duk sarrafa shi aka yi. Mai fita kuwa da ransa yake tafiya. Ramukan haƙar kuza na Filato da ake kira loto ba su da murfi, ciyawa takan rufe bakinsu da damina, kududdufan da kamfanonin kuza suka bari kuma zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani. Kada ka shiga rami, komai abin da aka ce maka yana ciki. Tarin ƙasar da aka fitar a bakin rami ya ishe ka. Akwai kuma dafin wasu duwatsun. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Dutsen kwalli yana da kyau a kan kanta, da ƙyallinsa da kusurwoyinsa, amma dalma ce, don haka ba a daka shi a gida, ba a barin yara su taɓa, kuma a wanke hannu bayan an riƙe shi. Batun tsaro ba sai na yi maka bayani ba. Akwai dazuzzukan da ba dutsen da ya kai a shige su saboda shi.

Doka ma ta fi shafar mai fita. Kundin tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun damƙa duk ma'adinan ƙasa ga gwamnatin tarayya. Haƙa sai da lasisi, haka fitar da kaya waje. Wurin da ke ƙarƙashin lasisin wani ba a shiga sai da izininsa, gona kuma tana da mai ita, saboda haka ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, tun kafin a ga baƙo da guduma a fara yi masa wata fassara. Idan kuma ka ci karo da gutsuren mutum-mutumin yumɓu, wannan ba na kantarka ba ne. Kayan Nok ma a wurin haƙar kuza aka fara ganin su a 1928, kuma hukumar gidajen tarihi ce ke da hurumi a kansu.

Game da jama'a, a Amurka da Turai ƙungiyoyin masu tarawa suna shirya fita tare, dattawa suna nuna wa yara, ana musayar kaya. Akwai ma filin gwamnati a jihar Arkansas inda za ka biya kuɗin shiga ka nemi lu'ulu'u, abin da ka samu naka ne. Mu a nan jama'armu a warwatse suke: ɗalibai da malaman sashen nazarin ƙasa a jami'o'i irin ta Zariya da ta Jos, da tsofaffin leburorin kuza waɗanda ba su san sunan boko ba amma da ɗaga dutse za su gaya maka ko akwai kuza a ciki. Fita ce take haɗa ka da waɗannan mutane. Ita ce kuma take ba ka abin musaya, don wani a Jamus da ya gaji da ganin duwatsun garinsu zai yi murna da tofas ɗin Filato mai cikakkiyar takarda.

Akwai hanya ta uku da ta fi dacewa da ƙasarmu, wato saye a bakin rami. Ka je inda masu haƙa suke aiki a wurin da yake da aminci, ka gaya musu kana sayen wanda ba a ɓamɓare ba, da uwarsa, ko da ba ya yankuwa. Da farko za su yi maka kallon wanda bai san ciwon kuɗinsa ba, don abin da suke watsarwa ne kake biya. Idan suka gane da gaske kake, za su fara ajiye maka a gefe. Ka samu wurin asali, ka samu araha, ba ka kuma shiga rami ba.

Da ni ne kai, zan fara da sayen ƙananan duwatsun gwaji kamar su kalsait da kwaz da tofas a hannun wanda ya san su, in nemi madubi mai ƙara girma sau goma da littafin rubutu, sauran kuɗin in bar su na mota. Kowane dutse ka ba shi lamba tun a daji, ka naɗe shi da takardarsa kafin ka ɗauki na gaba. Ametis kuma ka ajiye shi nesa da taga, rana tana koɗar da launinsa.