Agwaluma, ube ko kiwi: me baƙon Legas zai fara saya?

Wanda ya taso da goruba, aduwa da magarya, ranar da ya shiga kasuwar 'ya'yan itace ta Ketu ko ya ratsa kasuwar Mile 12, zai ga abubuwan da bai san ta inda ake cinsu ba. Shawarata, ɗan'uwa, ka fara da na Kudu a lokacinsu, na kanti su jira.

Agwaluma ta fi sauƙin sabo. Da hunturu take fitowa, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, kuma ta farkon fitowa tsaminta har haƙori yake kashewa. Nemi wadda ta yi ja sosai ta ɗan yi laushi. An fi yabon zaƙin ta Kwatano, shi ya sa ta fi tsada, sai dai kowace mai tire cewa take tata daga can ta zo. Ka ce a fasa maka ɗaya tukuna.

Ube kuwa, ɗan itacen nan mai kama da babban atili, kayan damina ne, kuma nan baƙi suke yin asara, don gatsarsa suke yi ɗanye su tofar. Wanda fatarsa ta koma shuɗi mai duhu shi ne ya nuna. A tsoma shi a ruwan zafi na 'yan mintoci ko a ɗora a gefen garwashi, sai ya narke kamar man shanu. Ɗan gishiri, gasasshiyar masara a ɗaya hannun, an gama. Ba ya jure ajiya, saboda haka sayi na yau kawai.

Soursop, koren nan mai ƙayoyi masu taushi, ya fi daɗi a markaɗa a sha, amma a tsince ƙwallayensa duka, suna da guba. Za a ce maka yana warkar da ciwon daji. Likitoci ba su tabbatar ba.

A manyan kantunan Lekki da Ikoyi za ka tarar da kiwi da dragon fruit, yawanci shigo da su ake yi, kuɗinsu dala yake bi. Kiwi ya cancanci gwaji, yana da tsami-tsami mai daɗi kuma ya fi lemu bitamin C. Shi kuwa dragon fruit, wanda asalinsa yankin Amurka ta Tsakiya ne, kyan ɗan maciji gare shi: fata jajir, ciki fari da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi, a baki lami. Idan yara sun matsa, sayi ɗaya a yanka a raba, sauran kuɗin ka kai wa Malam mai kankana.