Sharhi a Kan Harsashin 6.5 Creedmoor a Wasan Harbin Dabbobin Ƙarfe

Na daɗe ina harbin dabbobin ƙarfe da harsashin .308 kafin in koma 6.5 Creedmoor mai kai na giram 9, wanda ake rubuta 140 a jikin kwalinsa (nauyin ke nan a ma'aunin da ake kira grain), kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da wannan wasa ga mutumin da yake sayen harsashin kamfani daga shago. Ban ce ya fi .308 ƙarfi ba, domin bai fi shi ba. Falalarsa ita ce yana kayar da ragon ƙarfe, dabbar da ta fi nisa a wasan, kamar yadda .308 yake kayarwa, amma ba ya cinye kafaɗar mai harbi da natsuwarsa kafin a kai ƙarshen zagaye. Yana da nasa aibi, kuma ga mu mazauna Saudiyya aibin ba ƙarami ba ne.

Wasan ya samo asali ne a Meziko, inda da farko dabbobi masu rai ake ɗaurewa a nesa ana harbi a ranakun biki, har zuwa ƙarshen shekarun 1940 da aka maye gurbinsu da siffofin da aka yanka daga farantin ƙarfe. Daga can ya tsallaka Amurka, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tucson ta jihar Arizona a 1973. A rukunin manyan bindigogi ana jera kaji a nisan mita 200, aladun daji a mita 300, talotalo a mita 385, raguna kuma a mita 500. Harbi 40 ne a cikakken zagaye, goma ga kowace dabba, kuma ana ba mutum minti biyu da rabi ya harbi biyar daga hagu zuwa dama, harsashi ɗaya ga kowace. A tsaye ake harbi, babu jingina, babu ɗora bindiga a kan komai, kuma nauyin bindigar da madubin hangen nesanta bai kamata ya wuce kilo 4.6 ba. Ƙa'idar da ta sa zaɓen harsashi ya zama babbar magana ita ce samu kaɗai ba ya ba da maki. Sai dabbar ta faɗi daga kan matsayinta. Wadda aka samu ta yi ƙara ta girgiza amma ta ci gaba da tsayuwa, sunanta kuskure.

Mu 'yan tsiraru ne, Hausawa haihuwar Makka da Jidda da wasu abokai, muna bin waɗannan ƙa'idoji a tsakaninmu a wani filin harbi mai lasisi a wajen gari. Bindiga da harsashi a ƙasar nan ba a mallakarsu sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, don haka abin da muke harbawa shi ne abin da dillalai masu izini suka shigo da shi. A Amurka da yawa daga cikin 'yan gasa da kansu suke cika kwanso da albarushi, su sa kai marar nauyi don kaji, su sa mai nauyi don raguna. Mu kwali ɗaya muke buɗewa, shi ne na kaza, shi ne na rago, saboda haka dole harsashin ya iya aikin duka.

Rago shi ne ma'auni. Nauyinsa ya haura kilo 20, yana tsaye a kan ƙafafu biyu masu faɗi, kuma yana can rabin kilomita inda harsashi ya riga ya zubar da kaso mai yawa na gudunsa. Abin da yake kayar da shi ba zafin gudu ba ne shi kaɗai, nauyin kan harsashi ne idan aka ninka shi da gudun da ya rage masa a lokacin da ya isa, wato bambancin da ke tsakanin mari da turi. Kan harsashi marar nauyi mai tsananin gudu yana tarwatsewa a jikin ƙarfe ya bar tabo, ragon kuma yana nan daram. Kan .308 na gasa da aka saba da shi, mai lamba 168, nauyinsa kusan giram 11 ne, kuma yana barin bakin bindiga da gudun mita 800 da 'yan kai a daƙiƙa. Na Creedmoor giram 9 ne, yana fita da kimanin mita 820 a daƙiƙa. A bakin bindiga .308 ne a gaba, babu gardama. Sai dai kan Creedmoor siriri ne dogo, faɗinsa milimita 6.7, yana ratsa iska ba tare da ta riƙe shi sosai ba. Idan aka sa alƙaluman a manhajar lissafin tafiyar harsashi, za a ga a mita 500 yana tafe da gudun da ya ɗan haura mita 600 a daƙiƙa, .308 kuwa ya sauko kusa da 530. Da aka ninka kowanne da nauyinsa, turin da suke isa da shi ga rago ya zo kusan kunnen doki. Abin da na gani a fili bai saɓa wa wannan lissafi ba. Ragon da na samu a kafaɗa, ko a bayansa, ko a ƙaho, yana tafiya. Wanda ya kan tsaya shi ne wanda aka samu a ƙasan ciki tsakanin ƙafafu, musamman idan iska tana tura shi daga baya, kuma irin wannan samu ko da .308 ne ba kullum yake kayarwa ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne a kafaɗa. A bindiga mai nauyi ɗaya, shurin da Creedmoor yake yi baya ya gaza na .308 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda yake harbi a zaune bisa tebur zai ce wannan ba wani abu ba ne, kuma a harbi ɗaya ko biyu gaskiyarsa. Amma mai harbi a tsaye ba ya iya tsayar da bindiga cak. Gicciyen madubi yana yawo ne a kan dabbar, yana shiga yana fita, kuma dukan gwanintar ita ce mutum ya matsa kunama a hankali ta yadda harbin zai tashi daidai lokacin da gicciyen yake cikin jikin ƙarfe. Jikin da ya sha shuri sau ashirin ko talatin yana fara shirya wa na gaba tun kafin ya zo: kafaɗa ta tura gaba, ido ya ƙifta, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa. Mai harbin ba ya jin yana yin haka, sai dai mai duba masa da madubi a gefe ya riƙa gaya masa harsashi yana faɗawa ƙasa. Da .308 na lura goman ƙarshe kullum ita ce mafi muni a takardata, ko da kaji ne suka zo ƙarshe, alhali su ne mafi kusa. Da Creedmoor wannan faɗuwa ta ragu ƙwarai, kuma sau da yawa bindigar ba ta ɗauke ni daga madubi, har ina ganin inda harsashin ya tayar da ƙura idan na kuskure, abin da yake ba ni damar gyara saiti kafin dabba ta gaba. Wani dattijo a cikinmu da ya shekara yana farauta da .308 ya karɓi bindigata ya harbi aladu biyar, ya miƙo mini yana cewa, "Ɗana, wannan ai ta mata ce." Na ce, "Baba Alhaji, duk da haka huɗu ka kayar." Bai sauya ba har yau, kuma ban ga laifinsa ba, domin jikinsa ya saba kuma makinsa yana fin nawa a ranaku da yawa.

Wani zai ce idan rashin shuri ake nema me ya hana a sauka zuwa .243, mai faɗin kimanin milimita 6, tun da ƙa'ida ta yarda da milimita 6 a matsayin mafi ƙanƙanta. Na gwada na wani aboki. A kan kaji da aladu da talotalo daɗinsa ya wuce misali, amma kansa na farauta mai lamba 100 giram 6.5 ne kawai, kuma turin da yake isa da shi mita 500 bai kai kashi biyu cikin uku na sauran ba. Raguna suna yin ƙara suna tsayuwa, kuma babu abin da yake karya gwiwa irin mutum ya yi komai daidai a rubuta masa sifili. Shi kuwa 7mm-08, wanda kamfanin Remington ya mayar da shi harsashin kamfani a 1980 bayan masu wannan wasa sun daɗe suna ƙera shi daga kwanson .308, suna ne babba a tarihin harbin dabbobin ƙarfe kuma ya cancanci sunan, sai dai ban cika cin karo da shi a shagunan da nake zuwa ba, kuma harsashin da ba ka samu ba ba ya kayar da komai. Manyan harsasai masu laƙabin magnum ba a ma kawo maganarsu, saboda suna huda ƙarfen suna lanƙwasa shi, kuma filaye da dama ba sa yarda da su.

Yanayin ƙasar nan ma ya ƙara karkatar da ni. Filayenmu buɗaɗɗu ne, babu bishiya babu tudun da zai tare iska, kuma da hantsi ya yi take tashi. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana kautar da Creedmoor da kimanin santimita 45 a nisan rago, tana kautar da wancan kai na .308 da fiye da santimita 60. Ga rago mai dogon jiki ana iya shanye wannan bambanci. Ga talotalo ba a iya shanyewa, domin shi ne kowa ya yarda ya fi wuya: jikinsa dunƙule ne, wuya da ƙafa sirara, kuma ɗan kuskuren karanta iska ya isa ya fitar da harsashi ta gefen ƙirjinsa. Makina a talotalo ne ya fi tashi bayan sauyin, fiye da na rago. Sai kuma zafi. Albarushi yana ƙara ƙarfi idan ya ɗumama, saboda haka kwalin da aka bari a mota ko a rana da azahar ba zai faɗa inda ya faɗa da asuba ba, yawanci sama yake tafiya. Ni a cikin jakar sanyi marar ƙanƙara nake ajiye nawa, a inuwa, kuma ba na barin harsashi ya daɗe a cikin bindigar da ta yi zafi. Haka nan saitin da aka yi a Jidda, a bakin teku, ba ya aiki yadda yake a Riyad mai tsayin kimanin mita 600, balle a Ɗa'if da ta haura mita 1,500, inda iska ba ta da kauri kuma harsashi ba ya sauka da yawa. Wannan ya shafi kowane harsashi, amma wanda iska ba ta riƙe shi sosai tun asali, sauyin da yake nunawa ya fi ƙanƙanta. Kawalwalniya kuwa babu harsashin da yake maganinta. Idan ta tashi rago rawa yake yi a cikin madubi, sai dai a fara da sassafe.

Aibinsa na farko shi ne samuwa da tsada. Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, kuma ko da yake ya bazu a duniya, bai kai .308 ba, wanda yake kasuwa tun 1952 kuma kusan kowane mai sayar da harsashi yana da shi. Ya sha faruwa in je shago in tarar Creedmoor ya ƙare, ko in tarar da mai kai marar nauyi na 120 kawai, wanda a gwajina ya fi barin raguna a tsaye. Kwalinsa kuma ya kan fi na .308 kuɗi, kuma wasan da zagaye ɗaya yake cin kwali biyu ban da na gwajin saiti, riyal ɗin da ke tsakani yana taruwa da sauri. Mutane da dama suna jiran baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, inda dillalai suke haɗuwa wuri ɗaya, amma ba kowa ne yake iya tsara shekararsa a kan wannan ba. Aibi na biyu shi ne cin bututu. Albarushi kusan ɗaya da na .308 ne yake bi ta rami mafi ƙunci, don haka wuta ta fi cin maƙogwaron bututun, wato farkon raminsa inda harsashi yake fara shiga. Masu harbi galibi suna ambaton harbi 2,000 zuwa 3,000 kafin daidaiton Creedmoor ya fara raguwa, alhali na .308 ya kan ninka haka. A ƙasar da sauya bututu yake buƙatar takardu da jira, wannan abin dubawa ne tun kafin a saya. Ya kamata kuma mai saye ya tabbatar murɗin cikin bututun ya kai zagaye ɗaya a inci 8, domin shi ne yake daidaita dogon kai na 140, ko da yake mafi yawan bindigogin da aka ƙera wa wannan harsashi da haka suke zuwa.

Saboda waɗannan dalilai ba kowa nake ba shawarar ya sauya ba. Wanda yake da .308 mai kyau, kuma mai duba masa bai taɓa ce masa yana fizgar kunama ba, ya riƙe abinsa ya kashe kuɗin a kan atisaye. Wanda zai sayi bindigarsa ta farko don wannan wasa, ko mai ƙaramin jiki, ko wanda ya ga makinsa yana zubewa a rabin ƙarshe na zagaye, Creedmoor mai kai na 140 nake nuna masa. Hanyar da na bi na rage tsadar da cin bututun ita ce mayar da mafi yawan atisayena kan ƙaramar bindiga ta .22, wadda take da nata rukuni a wasan, da dabbobi masu girman kashi ɗaya cikin biyar a mita 40, 60, 77 da 100. Tsayuwa ɗaya ce, matsa kunama ɗaya ne, kuɗin kuwa ba a haɗa su. Babbar bindiga sai ranar cikakken zagaye nake fito da ita, kuma duk lokacin da na sami Creedmoor a shago ina duba lambar rukunin ƙira da ke jikin kwali, in sayi iyakar abin da izinina ya ba ni daga rukuni ɗaya, domin sabon rukuni yana iya sauya inda harsashi yake faɗawa a mita 500 har ya tilasta a sake saitin madubi daga kaza zuwa rago.