Tef ɗin silikon da ƙullin gam: abin da suka iya yi kafin mai gyaran famfo ya iso

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na sayi kayan nan biyu bara, ranar da na je sayen kan famfo: tef ɗin silikon da ake naɗe bututun da ya fashe da shi, da wani ƙullin gam mai kama da sandar alawa, wanda ake yanka a murza a liƙa a bakin huda. Na yi aiki da su a gidana da kuma gidan mahaifiyata, a kan bututun roba da na ƙarfe. Tef ɗin ya ci kuɗinsa. Ƙullin gam kuwa rabi da rabi ne, kuma abin da aka rubuta a jikin kwalinsa ya fi abin da yake iyawa yawa. Ban ambaci sunan kamfani ba, domin irinsu sun yi yawa a kasuwa kuma kusan aiki ɗaya suke yi.

Sai na faɗi yadda ruwan gidana yake, don a kansa sakamakon ya dogara. Rijiyar burtsatse ce, inji yana tura ruwa zuwa tanki mai cin lita 2,000 da ke kan ƙafar ƙarfe mai tsawon kusan mita 5. Daga tankin, farin bututun PVC ne yake bin bango ta waje, a cikin bango kuma koren nan ne na PPR da ake haɗawa da zafi. Ƙa'idar ƙarfin ruwa mai sauƙi ce: kowane mita 10 na tsawo yana ba da matsin kusan "bar" 1, wato ma'aunin ƙarfin matsin ruwa. Ke nan matsin ruwan da yake saukowa daga tankina kusan rabin "bar" ne a ƙasa. Wanda inji yake turowa sama kuwa wani labari ne dabam, haka ma ruwan gwamnati idan ya zo da ƙarfinsa cikin dare. Duk wanda ya ce maka tef ɗin nan ya yi masa aiki ko bai yi ba, fara tambayarsa a wane layi ya naɗa shi.

Tef ɗin ba shi da gam ko kaɗan. In ka taɓa shi ba ya kama yatsa, ba ya kuma kama bututu. Kansa kawai yake kamawa. Akwai wata siririyar leda a bayansa da ake ɓarewa a hankali ana naɗi, kuma dole a ja shi sosai har ya miƙe ya sirance, kowane zagaye ya hau rabin wanda ya gabace shi. Wannan jan shi ne yake matse bakin fashewar, ba wani sinadari ba. Mai shagon ya nuna mini a kan guntun bututu, ya ce, "Alhaji, in ba ka ja shi ba kuɗinka ka zubar. Ja shi kamar za ka tsinka shi." Gaskiya ya faɗa.

Aikinsa na farko a kan bututun rabin inci ne da ya tsage a bayan ɗakin girki, cikin zafin bazara. Farin bututun da ke shan rana shekara da shekaru yana bushewa ya yi gautsi, abu kaɗan ya buge shi sai ya dare. Wannan yara ne suka jingina keke. Tsagar ta kai tsawon yatsa, ruwa yana feshi yana dukan bango. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, na kira mai gyaran famfonmu ya ce, "Gani nan zuwa, Alhaji, ina ƙarasa wani aiki ne." Duk wanda ya taɓa hulɗa da masu sana'ar hannu ya san tsawon "gani nan zuwa". Ba na ganin laifinsa, yana can wani gefen gari ne ya fasa bangon wani, ba zai bar shi a buɗe ba.

Na rufe bawul ɗin ƙasan tanki, na buɗe famfon tsakar gida wanda ya fi kowanne ƙasa don ruwan da ya rage a cikin bututu ya tsiyaye, na goge wurin da tsumma. Na fara naɗi daga kamar yatsu uku kafin tsagar, na wuce ta da yatsu uku, na dawo, na sake komawa. Wahalar ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: bututun yana manne da bango, naɗin tef ɗin ba ya wucewa ta baya. Sai da na kwance maɗaurin bututun guda biyu, na cusa guntun katako ya ɗan ɗago shi, na riƙa yanko tef ɗin gajere-gajere ina zurawa. Ledar bayan ma tana da ban haushi, tana naɗewa a yatsa, kuma idan tef ya taɓa kansa a inda ba ka so, cikin ɗan lokaci ya haɗe, ba ya ɓantaruwa sai dai reza. Da na buɗe ruwa, ko ɗigo babu. Aka yi girki, aka yi wanka, aka yi alwala, har washegari da mai gyara ya zo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya fita. Mai gyaran ya sa reza ya tsaga shi ta tsaye, ya zare shi gaba ɗaya, bututun tas babu wani danƙo a jiki. Ya yanke wurin da zarto, ya sa soket biyu, wato mahaɗin bututu, da sabon guntu, ya shafa gam ɗin PVC, shi ke nan. Yana aikin yana ba ni labarin abin da yake tararwa a gidaje: wani ya narka leda ya ɗiga a kan bututu, wani ya zuba gam mai saurin kamawa ya barbaɗa yashi, wani ya naɗa baƙin salatif ɗin wayar wuta har ya yi ƙullutu. "Duk sai na yanke fiye da inda ya lalace," in ji shi. Gam ɗin PVC ɗin nan da mutane suke shafawa a saman tsaga ma ba aikinsa ba ne. Narkar da fuskar roba yake yi don bututu ya haɗe da soket, kuma yana son wuri busasshe. Haka farin tef ɗin nan mai laushi da ake naɗawa a haƙoran kan famfo: wurin murɗi kawai aka yi shi domin sa, ba ya toshe fashewa.

Inda tef ɗin silikon ya gaza, a gwiwar da ke kusa da bakin rijiya ne, layin da inji yake turo ruwa. Haɗin gwiwar ne ya saki. A wuri mai lanƙwasa da tudu da kwari naɗin ba ya kwanciya daidai, matsin kuma ya fi na tanki nesa ba kusa ba. Ina kunna inji sai tef ɗin ya kumbura ta gefe, ruwa ya sami hanya ya fito. Ya rage feshin ya koma tsiyaya, har na samu na cika tanki da bokiti a ƙarƙashi, amma ba zan ce ya toshe ba. A kwalin an rubuta wani babban adadi na matsin da yake iya ɗauka. Wataƙila a miƙaƙƙen bututu mai santsi da naɗi mai kauri ne aka gwada. A gwiwa da ti (mahaɗi mai baki uku) da wajen haƙora, kada ka sa rai.

A nan ne ya kamata a yi wa tsohuwar dabararmu adalci. Robar tayar keke ko ta babur, wadda mai faci zai ba ka kusan kyauta, in aka yanka ta siririya aka ja aka naɗa aka ɗaure ƙarshenta da waya, tana yin mafi yawan abin da tef ɗin nan yake yi, kuma da dabara ɗaya: matsewa. Bambancin shi ne robar tana buƙatar ɗauri, tana zamewa a jiƙaƙƙen bututu, rana tana cinye ta da wuri, kuma a lungu tana da wuyar sarrafawa. Tef ya fi ta tsafta da sauri, matar gida ko babban yaro zai iya naɗa shi ba tare da filaya ba. Amma wanda ba shi da kuɗin tef, kada ya ji an bar shi a baya.

Ƙullin gam ɗin sinadari biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje, launinsu dabam. Ana yanko daidai buƙata a murza da yatsu har launin ya zama ɗaya, yana ɗan ɗumi a hannu, yana kuma wari. Mintuna kaɗan gare ka kafin ya fara tauri, a zafin Kano ma ya fi sauri. A gidan Hajiya, tsohon gini ne mai bututun ƙarfe, tsatsa ta huda wani wuri kamar bakin allura. Na rufe ruwa, na goge tsatsar da samfefa har ƙarfen ya yi haske, na danna ƙullin ya zagaye bututun gaba ɗaya, na bar shi kamar awa guda. Ya kama ya zama dutse. Hajiya ta ce a bar shi haka tunda ya daina, sai da na lallaɓa ta kafin ta yarda a canja bututun, domin ƙarfen da ya huje a wuri ɗaya ya ci a ciki ne, gobe wani wurin zai ɓulle.

A kan roba kuwa labarin ya canja. A PVC yana kamawa idan an kankare wurin sosai kuma ya bushe. A koren bututun PPR da jikin tankin roba, bai kama ba sam. Ya bushe ya yi tauri, na sa farce ya ɓalle gaba ɗayansa. Ba laifin hannu ba ne, irin robar ce: wadda ake yin PPR da tankunan ruwa da ita ba ta karɓar irin wannan gam, shi ya sa ma ake haɗa PPR da injin zafi mai kaiwa kusan digiri 260. Kwalin ya lissafa "roba" cikin abubuwan da yake kamawa ba tare da bambancewa ba, kuma wannan ya ba ni haushi, domin a gidajen da ake ginawa yanzu PPR ne ya fi yawa a cikin bango. In za a sa shi a layin ruwan sha, a duba ko an rubuta cewa ya dace da hakan, ba duka ne suka dace ba. A kuma sa leda a hannu, yana sa wasu ƙaiƙayi.

Akwai ɓarnar da duk kayan nan biyu ba su da ta cewa a kanta, kuma ita ce ta fi yawan cika ɗaki da ruwa: ɗan lanƙwasasshen tiyon nan mai saƙar ƙarfe da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, ko bayan masai, ko jikin hita. Masu araha suna tsatsa ta ciki, rana ɗaya su fashe, sau da yawa cikin dare. Araha ba ta ado. Ba a naɗe shi, ba a liƙe shi, rufe ruwa kawai ake yi a canja. Idan akwai ɗan bawul a bango kafin tiyon, murɗa shi dama ya isa. In babu, sai tanki. Ruwan lita 2,000 jarka 80 ne na 'yan garuwa, kuma duk zai iya ƙarewa a kan kafet kafin asuba. In ruwa ya kusanci soket ko wayar da ke ƙasa, ko kuma hita ce take yoyo, a fara kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a taka cikin ruwan, ko da an ɗauke wuta, don ba a san lokacin da za a dawo da ita ba.

Wannan ne ya sa nake ganin abin da ya fi tef da gam daraja a duk abin da na saya shi ne bawul mai hannu da na sa aka ɗaura a ƙasan ƙafar tanki, daidai ƙirjin mutum. Wanda magina suka sa tun farko mai kan zagaye ne, yana can sama a gindin tanki, sai an hau tsani, kuma irinsa in ya daɗe ba a taɓa shi ba yana ƙagewa, ko ya yi ta juyawa ba ya rufewa. Mai hannu kwata ɗaya ake juya shi: hannun ya bi tsawon bututu, a buɗe yake; ya gitta, a rufe. Na nuna wa uwargida da yara har da mai gadi. Lokaci-lokaci ina rufe shi in buɗe don kada ya ƙage. Masu zaman haya su tambayi mai gida ko maƙwabta inda nasu yake tun ranar tarewa, domin a gidan haya mai tanki ɗaya wani lokaci bawul ɗin yana sashen wanda ya kulle ƙofa ya yi tafiya.

Toshewar masai ko magudanar wanka ba ta cikin aikin waɗannan kaya. A daina zuba ruwa, a gwada robar tsotso mai sanda. Soda mai ƙuna da wasu suke zubawa tana cin hannu da ido, in kuma an riga an zuba to a gaya wa mai gyara kafin ya sa hannu. Idan duk magudanan gidan ne suka ƙi tafiya lokaci guda, musamman da damina, galibi sokawe ce ta cika, sai masu motar kwasa.

Wajen ajiya ma sun bambanta. Ragowar tef ɗin yana nan lafiya a cikin ledarsa, ƙura kawai yake gudu, don in ta hau shi ba ya haɗewa da kyau. Naɗi ɗaya ya ishi fashewa biyu ko uku a bututun rabin inci, amma a na inci ɗaya yana ƙarewa da wuri, don haka biyu nake ajiyewa. Ƙullin gam kuwa tunda aka yanke shi bakinsa ya fara bushewa, bayan wata bazara na tarar rabinsa ya ƙi murzuwa. Mai bututun ƙarfe ya sayi ƙarami, ya naɗe ragowar da leda ya ajiye a wuri mai sanyi. Mai PPR ya ƙara kuɗin a kan tiyo mai kyau guda ɗaya na ajiya da sifana mai daidaitawa, don canja tiyon aikin minti biyar ne da ba ya buƙatar jiran kowa.